Wasan alkafura a bidiyo: mai yin sa ne ke jin daɗi ko mu masu kallo?

Tica (Asawase): Salamu alaikum jama'a. Jiya na nuna wa yaran ajina bidiyon Nadiya Komaneci a gasar Olimfik ta Montreal, 1976. Yarinya 'yar shekara 14 daga Romaniya, ta hau sandunan nan biyu tana juyi kamar ba ta da nauyi, alƙalai suka ba ta maki 10 cif. Allon makin ma ba a ƙera shi ya nuna 10.00 ba, sai ya rubuta 1.00. Aji ya yi tsit. Ni dai maganata ɗaya ce: duk jikin da ya fitar da kyau irin wannan, mai shi yana cikin farin ciki. Zuciya mai ƙunci ba ta iya wannan motsi.

Anti Nas (Aboabo): Wa alaikumus salam Tica. Ban yarda ba. Abin da ka nuna musu bai kai minti ɗaya ba, yarinyar kuwa tun tana shekara 6 take hannun masu horo. Ka san Elena Mukina ta Tarayyar Sobiyet? Ita ce zakarar duniya a 1978. Ta karye a ƙafa, aka matsa mata ta koma atisaye ƙashin bai gama ɗinkewa ba, saboda gasar Mosko ta gabato. A 1980 ta faɗo ta karya wuya, jikinta ya shanye har ta rasu a 2006. Bidiyonta na 1978 yana nan, kyakkyawa ne ƙwarai. Aikina kenan jinyar karaya, na san abin da ake nufi da taka ƙafar da ba ta warke ba.

Tica: Anti, haɗari ai ba inda babu shi. Direban tiroto, motar haya, ma yana fita da ransa a hannu.

Anti Nas: Direba babba ne, shi ya zaɓi aikinsa. Waɗannan yara ne. Sai a 1997 aka ɗaga shekarun shiga gasar manya zuwa 16.

Ɗan Auta (Sawaba): Gafara dai manya, in sa baki. Simon Bayils ta Amurka ta janye ana tsakiyar gasar Tokiyo a 2021, ta ce in ta tashi sama ba ta gane inda ƙasa take. Mutane suka yi ta zagin ta da ragwanci. Ta huta, ta dawo Faris a 2024 ta ɗauki zinare uku. A Faris ne na ga tana dariya har cikin ido. Wadda ta iya cewa "na tsaya" ita ce na yarda da murnarta.

Kawu (Zango): Ku saurara 'ya'yana. Ina yaro na ga Baba Yara da idona yana gudu da ƙwallo ta gefen fili a rigar ƙungiyar Asante Kotoko. Wallahi mun koma gida muna tsalle, abincin dare ma mun manta. Wannan daɗi gaskiya ne, kada kowa ya ce ƙarya ne. Amma namu ne, mu 'yan kallo. A 1963 ya yi haɗarin mota, bai sake takawa ba, ya rasu a 1969, Allah ya jiƙansa. Yau filin wasan garin nan namu, Kumasi, sunansa yake ɗauke da shi. Abin da ke ransa lokacin da muke ihu, shi da Ubangijinsa suka sani.

Malam (Asokore Mampong): Amin Kawu. Akwai kuma batun inda mai kamara yake kai idonsa. 'Yan matan Jamus da kansu suka sa riga mai rufe ƙafa har idon sawu a Tokiyo, don a kalli wasansu a bar jikinsu. Ba malami ne ya ce su yi ba.

Kafinta (Sawaba): Tica yana da gaskiya ta wani gefe fa. Bayan shagona akwai tulin dusar katako. Da la'asar yara su jingina tsohuwar taya, su sheƙo da gudu, su taka ta, su yi alkafura biyu a sama su faɗa kan dusar. Ba alƙali, ba maki, ba mai ɗaukar hoto. Wanda ya faɗi da baya shi ya fi kowa dariya. Nakan ajiye zarto in tsaya kallo, don akwai wani ɗan siriri cikinsu da in ya tashi sai ka ce tsuntsu.

Tica: To kun ji! Kyau da murna a wuri ɗaya.

Anti Nas: Na ji, kuma na yarda da na yaran nan, domin da an kira magariba sai su watse, wanda ya gaji ya zauna ba mai tsawata masa. Tica, roƙona ɗaya: ranar da za ka sake nuna Nadiya, ka ba su labarin Mukina ma.

Tica: Zan ba su, Anti. Zan ƙara da Kailiya Nemur ta Aljeriya da ta ci zinare a Faris, su ga 'yar Afirka a kan sandunan. Amma ban janye maganata ba tukuna. Kafinta, ƙarfe nawa yaran suke taruwa? Ina so in zo in gani da idona.

Kafinta: Bayan la'asar. Ka zo ranar Asabar, sun fi yawa.