Musayar baiti: kakar zari-ruga ta Faransa, 2024 zuwa 2025

Mai Kalangu: Salamu alaikum 'yan zari-ruga. Top 14 ta rufe, ku matso a baje ta a faifai.

Ƙungiya sha huɗu ke gasar Faransa,
Wasa ashirin da shida kowa ke bugawa,
Shidan sama su ne ke neman garkuwa,
Na ƙarshen tebur shi ke gangarawa.

Biyun farko su huta mako guda,
Huɗun da ke bi su ke fara karawa,
Toulouse ta ɗau garkuwar Brennus karo na 24,
Uku a jere, wa ke iya tarewa?

Sarkin Gudu:

Malam Mai Kalangu, ka kaɗa ka tsallake,
Kofin Turai fa, ina ka ɓoye shi?
35 da 18 Bordeaux ta yi muku,
Wasan kusa da ƙarshe, ko ka mance shi?

A wasan ƙarshe a Cardiff Northampton ta sha 28 da 20,
Penaud sau biyu ya haye layi ya dire ta,
Mai jar hula Bielle-Biarrey in ya zabura,
Ƙurarsa kawai 'yan bayanku ke hange ta.

Mai Kalangu:

Ƙanena, mai gudu ba ya tuna bara,
Marseille na nan, ba ta tashi ba,
59 da 3, a wasan ƙarshe fa,
Ko layinmu ranar ba ku taka ba.

Bana kun dawo Paris kuna huci,
33 da 33, ba ku ƙarasa ba,
An ƙara lokaci Ramos ya buga tara sau biyu,
39 da 33, garkuwa ba ta bi ku ba.

Alaramman Arul: Malam, a yi haƙuri. Lambobin nan da kake zubawa cikin ɗango, baki ne zai furta su. "Hamsin da tara da uku" gaɓa takwas ce, ta riga ta cinye rabin ɗangon. Kari ya karye. Sannan amsa-amon "wa" da "ba" ai kowa ya tsinta a hanya.

Gwaggon Turereniya:

'Ya'yana kuna ta yabon masu gudu,
Wasan ƙarshe 'yan gaba ke ɗaukar nauyinsa,
Mutum takwas ake haɗawa a turereniya,
Uku a gaba, na tsakiya ya ja ƙwallo da ƙafarsa.

Dogaye biyu su sa kafaɗa a bayansu,
Biyu a gefe, na takwas ya rufe da ƙirjinsa,
Alƙali ya ce a durƙusa, a riƙe, a haɗu,
Wanda ya tura kafin nan laifi ne a kansa.

Kafaɗa in ta sauka ƙasa da ƙugu,
Ginin zai rufta, wuya ce ke shan kashinsa,
Na gefe ya kama riga a baya, ban da hannu,
Ya tura a miƙe, kar ya karkata kansa.

Sarkin Gudu: Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya, baitin ya zauna. Amma "kansa" sau biyu kika rufe da ita, Alaramma bai gani ba ne?

Alaramman Arul: Na gani. Maimaita kalma a amsa-amo aibi ne, amma ƙarami. Hajiya ta riƙe "sa" tun daga farko har ƙarshe. Kai kuwa ka fara da "shi" ka tsallaka "ta" ba ko sallama. Kuma ƙura ake hanga, "hange ta" ɗin nan dole ka yi mata don ta dace.

Sarkin Gudu:

Alaramma mai awon gaɓa da mudu,
Ƙwar huɗu ko ɗaya ba mu ga taka ba,
Mai gyaran kari ya fito fili,
Tsayuwa a gefen layi ba wasa ba.

Ɗan Tebur: Ku bar arul tukuna. Ana ta maganar sama, ba wanda ya leƙa ƙasa, alhali can ake zufa.

Nasara maki huɗu, canjaras maki biyu,
Akwai na gyara guda ga mai ƙoƙari,
Ka fi abokin karawa dire ƙwallo sau uku,
Ka samu ɗaya a kan huɗun, lada ne na hari.

In an ci ka da tazarar biyar ko ƙasa,
Ɗaya naka ne, ka tsira da na tsari,
Shi ya sa mai hankali da ake bi da bakwai,
Zai buga tarar uku ana dab da tashi, ba garari.

Vannes ta hau ta sauka a kaka guda,
Perpignan ta sha da ƙyar a wasan ƙalubale,
Grenoble ta rukuni na biyu ta ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba,
Montauban ce ta haye, sai a yi mata lale.

Alaramman Arul: "Ba garari" cikon benci ne. Ɗangon ya fi 'yan uwansa tsawo da gaɓa wajen biyar.

Ɗan Tebur: Malam, lissafin dai daidai ne ko? Daga bakwai a cire uku, saura huɗu, makin ya tabbata.

Mai Kalangu: Hajiya ta faɗi gaskiya, 'yan gabanmu ne suka ci wasan. Ga ƙarin hujja:

Kyaftin ɗinmu Dupont a Maris gwiwarsa ta tsinke,
A Dublin, yana sanye da rigar ƙasa,
Babu shi aka ƙare kakar nan,
Garkuwa dai Toulouse ta kai ta masa.

Willis in an kā da mutum ya iso,
A tsaye yake, hannu kan ƙwallon ƙasa,
Mai riƙe da ita in ya ƙi saki tara ce,
Uku-ukun nan su ke kashe wasa.

Gwaggon Turereniya: Ɗana, ka manta sharaɗi. Wanda ya yi kayen sai ya saki mutum tukuna, mai zuwa kuma ta baya zai shigo, in ya faɗo ta gefe shi za a hura wa.

Jifan gefe ma a miƙe ake yinsa,
Mita biyar ta wuce kafin a kama,
Biyu su ɗaga dogo, ya sauko su dunƙule,
Mai ruguza dunƙulen kusa da layi kati ya gama.

Minti goma a benci, ku sha huɗu su sha biyar,
A nan ake ɓarin maki kamar ruwan sama.

Sarkin Gudu: Gwaggo kin koma ɓangarensu ke nan. To ku saurara:

Ƙaho ya busa Lucu ya aza ƙwallo,
Ƙafa ba ta rawa ba, ya mai da ku ƙarin lokaci,
Jalibert na nan, koci Yannick Bru na nan,
Kofin Turai na gidanmu, ku ku riƙe na ƙauyanci.

Alaramman Arul: Na ji an ce in fito. Ga nawa, ƙwar biyu, a ƙirga:

Ka dire biyar, ka ƙara biyu,
Tara uku ce, a rubuta biyu.

Sarkin Gudu: Alaramma, "biyu" da "biyu"? Kuma me za a rubuta biyun?

Ɗan Tebur: Ɗangon farko dai lissafinsa ya fita. Wa ke da baiti kan Bayonne da ta kai wasan kusa da ƙarshe?