In sayi ƙaramar bindiga ko in haƙura? Masu ita ku faɗa min gaskiya

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin dare a wani gidan mai a Houston, jihar Texas a Amurka. Makon jiya da asuba aka tare abokin aikina a bakin motarsa, aka ƙwace masa waya da walat. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin. Tambayata biyu ce: tunda Texas ta daina tilasta lasisin ɗaukar bindiga tun Satumbar 2021, akwai amfanin in shiga ajin horo? Sannan yarana biyu, babbar shekararta biyar, ya kuke ajiye taku a gida? Maman Ummi ta ce ba dai a ɗakinta ba.

Kaboyi: Glock 19 kawai, kada ka wahalar da kanka. Dala 500 na sayi tawa.

Abu Hanif: A ina? Ni sai da na ba da 650, ban da kube da harsashi.

Kaboyi: To an yi maka yankan kai, Malam.

Hajiyar Dallas: Wa'alaikumussalam ƙanena. Ka je ajin. Awa huɗu zuwa shida ne, sai gwajin harbi, harsashi 50 daga yadi 3, 7 da 15. Kuɗin lasisin dala 40, ajin na biya 70. Ranar farko hannuna rawa yake kamar mazari, malamin ya yi ta cire min yatsa daga kan kunama har na ji kunya.

Abu Hanif: Saba'in? Ni 150.

Direban Tirela: Duk ku bar maganar kuɗi. Ina da lasisi, na yi ajin, na ci gwajin. Na ɗauki kaya zuwa wata jiha a gabas, aka tsayar da ni kan fitilar baya. Da bakina na ce akwai bindiga a motar, na miƙa katina ina murmushi. Ashe a can takardar banza ce. Kwana biyu na yi a rufe da kayan jikina. Lauya ya cinye abin da na tara na shekara uku, kamfani ya sallame ni kafin ma a shiga kotu. Abin da ya hana ni barci ba shi ne ba: lauyan ya ce in aka same ni da laifin bindiga, girin kad ɗin ma na iya tafiya. Allah Ya taimaka aka sasanta. Bindigar kuwa ban sake ganinta ba, ban kuma nema ba.

Hajiyar Dallas: Innalillahi. Sannu Yaya. New York da New Jersey ba sa karɓar lasisin Texas, ana faɗa a ajin.

Direban Tirela: Ni ba a faɗa min ba, Hajiya.

Kaboyi: Gara dai a kai ka kotu da a kai ka makwanci.

Malam Na Minnesota: Philando Castile, wani baƙar fata, yana da lasisi, ya kuma faɗa wa ɗan sandan yana ɗauke da ita. Ɗan sandan ya harbe shi a cikin mota a 2016, nan jiharmu. Baƙar fata da bindiga a ƙugu, ka yi lissafi da kyau.

Kaboyi: Wanda bai taɓa riƙe ta ba ya bar mu mu yi magana.

Malam Na Minnesota: Kai sau nawa ka je filin harbi bana?

Abu Hanif: Kada ka tona masa asiri 😂 Ni dai a labarin nan Maman Ummi na fi tsoro, ita ba ta buƙatar lasisi.

Baban Ummi: Na gode, amma maganar yaran fa?

Hajiyar Dallas: Akwatin ƙarfe mai lamba, a ɗaure shi da bango. Saman wardrob ba maɓoya ba ce, yaro zai jawo kujera. Amma ka tambayi mai gidan man tukuna? Da yawansu korar mutum suke in sun gan ta.

Baban Ummi: Ban tambaya ba. In ya hana sai in bar ta a mota.

Direban Tirela: A motar da ake fasawa kullum?

Abu Hanif: Ai masu gidajen man nan su ne matsalar. Namu ya bar mutum ɗaya tal daga sha ɗaya zuwa bakwai, kyamarar waje ta mutu tun bara, ƙofa ba ta kulluwa daga ciki. Ka yi magana ya rage maka awanni.

Kaboyi: Ku naku yana biyan kuɗin ƙarin lokaci? Mu wata uku ke nan ana ce mana sati mai zuwa.