A ina ya kamata in yanke data, 2.2 ko 1.9?

Sadiya_lab:
Salam 'yan uwa. Mun samo data daga Diamond (cibiyar hasken X-ray ta Birtaniya) na kiristal ɗin wani enzayim don gano tsarinsa, na sarrafa da manhajar XDS na wuce da ita manhajar AIMLESS. A 2.2 Å (ma'aunin ƙanƙantar abin da data ke iya nunawa, ƙaramar lamba ta fi nuna daki-daki) komai tsaf, I/σ (ƙarfin haske kan kuskuren aunawa) kusan 2, Rmerge (saɓanin da ke tsakanin awon da aka maimaita) 0.55. Amma in na tura zuwa 1.9 sai I/σ ya faɗo 0.8, Rmerge ya haura 1.5, CC1/2 (yadda rabin data ya dace da ɗaya rabin) kuma yana nan 0.45. Malamina ya ce in yanke a 2.2 haka aka koya musu, ni kuma wallahi ina jin asara zan yi. Don Allah a ba ni shawara.

Dakta_Auwal:
Wa alaikumus salam Malama. Ki bar batun Rmerge ɗin nan, shi fa ƙaruwa yake duk lokacin da aka maimaita auna tabo ɗaya (ɗigon haske a kan ditekta) sau da yawa, kuma a zoben waje na tabon inda hasken ya yi rauni dole ya yi ta hawa ko da datar na da amfani. Tun 2012 Karplus da Diederichs suka fito da CC1/2 saboda wannan matsalar, shi AIMLESS ma wajen 0.3 yake ɗauka in zai ba ki shawarar iyaka. Sannan REFMAC da phenix.refine, manhajojin gyara samfuri, suna rage wa raunanan tabo nauyi da kansu, ba kamar manhajojin da ba.

Hauwa_xtal:
Gaskiya ne Dakta amma CC1/2 data kawai yake aunawa, bai ce samfurinki na tsarin enzayim ɗin ya ƙaru da komai ba. Ki gwada su biyu-biyu: ki gyara samfuri a 2.2, ki ɗauki wannan samfurin ki sake gyarawa a 2.1, sai ki lissafa Rfree (saɓanin samfuri da tabon da aka ware ba a yi gyara da su ba) na dukkansu a 2.2, in na biyun ya sauka to zoben ya taimaka ki ƙara gaba zuwa 2.0, haka har ya daina sauka. Kar ki kwatanta Rfree na 1.9 da na 2.2 kai tsaye, tabbas na 1.9 zai fi girma kuma hakan ba ya nufin komai. Manhajar PAIREF na yin duk wannan, PDB-REDO ma haka. Kuma tabon da kika ware na Rfree ki riƙe su yadda suke, ƙari kawai za ki yi.

Musa_Z:
Yaya Sadiya zoben ƙarshen nawa ya cika cikin ɗari? In kusurwar ditekta ce kawai to ba 1.9 ba ne na gaske. Ki duba zoben ƙanƙara ma (wanda ƙanƙarar da ta daskare a jikin kiristal ke jawowa), akwai a 2.07 da 1.92, duk cikin yankin da kike magana. In kuma ta gefe ɗaya kiristal ɗin ya fi bada haske ki tura wa STARANISO, manhajar da ke kula da irin wannan data.

Sadiya_lab:
Ya cika 97, ƙanƙara ban gani ba amma zan sake duba hotunan. Na gode ƙwarai, yau zan sa PAIREF, in teburin ya fito in kai wa Malam ya gani da idonsa.