Ƙanena na Buffalo, an ce guguwar dusar ƙanƙara na tahe, mi ya kamata shi aje a ɗaki?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda sunka taɓa zama ƙasashen sanyi ku taimaka min da shawara. Ƙanena ya tahi karatun digiri na biyu garin Buffalo can Amurka tun watan Agusta, to jiya da dare ya kira yana dariya wai an turo musu saƙo a waya guguwar dusar ƙanƙara na tahe ƙarshen mako, kowa shi sayi abin buƙata shi zamna gida. Shi ko a jikinai, wai wanda yat tashi cikin hunturun Sakkwato ba a ba shi tsoro da sanyi, amma Inna tun da taj ji batun ga ba ta runtsa ba, da asuba ta tasa ni gaba sai in tura mishi kuɗi shi sayi bargo biyu da buhun gawayi. Ni kuwa iyakar sanyin da na sani shi na na watan Janairu, leɓe shi tsage a shahwa man kaɗe a wuce wurin. Mi ya kamata shi saye, kuma na kwana nawa? Haya yake shi da wani ɗan Gana, ba ya da mota.

Tsohon Ɗan Dandima:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka ce wa yaron nan ya daina dariya, Buffalo fa ka ce. Ina garin lokacin guguwar Disambar 2022, ranar Juma'a 23 ga wata ta fara, ni ma da irin bakinsa na je. Garin yana bakin tafkin Erie ne, idan iska mai sanyi ta ratso kan ruwan kafin ya daskare sai ta kwaso danshi ta zo ta juye shi kan gari, shi ya sa dusarsu take da yawa. A wancan karon dusar da ta zuba ta haura mita 1, mutum sama da 40 suka rasu a yankin, wasu cikin mota aka same su, wasu a kan hanya sun fita sayen abinci, aka hana tuƙi cikin gari kusan kwana 6. Na leƙa ta taga ban iya ganin motar da ke ƙofar gida ba, fari fat kamar an shafe duniya da alli.

Hukuma kan ce a tanadi na kwana 3, ni dai na mako guda nake cewa, don ko guguwar ta wuce shaguna ba sa buɗewa nan take. Ruwa ne farko, kamar lita 4 kowane mutum a rana, ya cika duk wata roba da tukunya da yake da ita har bokitin banɗaki. Abinci kuma ya nemi wanda ba sai an ɗora a wuta ba, domin in murhunsu na lantarki ne aka ɗauke wuta to buhun shinkafa ado ne kawai, ni haka ta faru da ni, ga shinkafa ga taliya ina kallonsu suna kallona. Abin da ya cece mu garin kwaki ne da suga da madarar gari da gyaɗa, sai dabino da burodi da kifin gwangwani, kuma ya duba gwangwanin mai marfin ja ne ko sai da abin buɗewa, mun sha fama da wuƙa cikin duhu. Tocila da batir, fawa bank a cike, ƴan kuɗi a hannu saboda na'urar kati ba ta aiki in babu wuta. Kuma yau zai je ba gobe ba, ana saura kwana ɗaya za ka tarar da kantar burodi da madara wayam kamar an share.

Maman Ilham:
Ɗan Mabera, don girman Allah ka ba Inna haƙuri a kan gawayin nan, KADA ya kunna gawayi a ɗaki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Winnipeg ta Kanada shekara ta tara ke nan, kuma a Kanwuri aka haife ni, na san kaskon wuta na san daɗinsa. Ɗakunanmu na gida iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa, ta taga, ta rufi, su kuwa gidajen nan an toshe ko'ina don kada ɗumi ya fita, to hayaƙin gawayi ma ba ya fita. Akwai wata iska a cikinsa, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya ya ɗauka mura ce ya ja bargo ya kwanta, shi ke nan. Lokacin da wuta ta ɗauke a Texas a Fabrairun 2021 ɗaruruwan mutane aka kai asibiti saboda ita, wasu gawayin gashin nama suka shigar falo, wasu mota suka tayar cikin gareji a rufe. Haka kuma kada ya buɗe oven ɗin gas wai ya ɗumama ɗaki. Janareta ma a waje ake ajiye shi, nesa da taga da ƙofa kamar mita 6. Ya duba bango ko silin ɗinsu akwai ƙararrawar da ke kuka in iskar nan ta taru, in babu ya yi wa mai gidan magana ko ya saya, ba ta da tsada.

Bargon kuwa Inna ta yi gaskiya, a ƙara. In wuta ta tafi su haɗu ɗaki ɗaya shi da ɗan Ganan su rufe ƙofa su cusa tawul ƙarƙashinta. Kaya kuma sirara uku sun fi ƙato ɗaya, safa mai kauri, hular sanyi, safar hannu, kuma duk abin da ya jiƙe a cire shi nan take. Nan wurinmu akan kai 30 ƙasa da sifili, in da iska kunne ko yatsa a buɗe kan daskare cikin minti 10 zuwa 30.

Na Runjin Sambo:
Hhhh wato ɗauke wuta kwana uku shi na bala'in da anka tara jama'a kai? Mu nan unguwarmu tiransifoma ta yi wata biyu a ƙone ba wanda yat turo muna saƙo a waya. Ku aiko mishi da kilishi ɗauri biyar da ƙuli-ƙuli ku ga in bai ga bayan guguwar ba. Amma maganar Allah Anti kin tsorata ni, kakata kullum da kasko take kwana cikin hunturu kuma bana munka sa mata sabuwar taga ta gilashi.

Maman Ilham:
Na Runjin Sambo ba wasa ba ne, tunda kun sa gilashi a fitar da kaskon kafin ta yi barci, ko a bar taga a ɗan buɗe. Can in an ɗauke wuta zufa za ka yi, nan ruwan cikin bututu ne ke zama ƙanƙara ya fasa bututun, ranar da ya narke gida ya zama gulbin Rima. Shi ya sa ake barin famfo yana ɗan ɗiga dare da rana. Kilishi kuma a manta, ba a shiga da nama daga Najeriya zuwa Amurka ko Kanada, kwastam za su karɓe a filin jirgi, in ka ɓoye ma tara ce.

Tsohon Ɗan Dandima:
Na manta abu ɗaya. Disamba a can ana magariba kafin biyar na yamma, ya gama sayayyarsa da rana. In guguwar ta fara kuma ko abokai sun kira shi kada ya fita, ko da shago na bayan layi ne, mutum kan ɓata tsakanin gidansa da na maƙwabcinsa. In yana shan wani magani ya karɓo isasshe tun yanzu. Sannan ku can gida ku rage kiran bidiyo, ku bar masa cajinsa, ku sa lokaci ɗaya a rana ya turo saƙon lafiya lau.

Ɗan Mabera:
Allah shi saka da alheri, na tura mishi duka. Ya tai shago yanzu, ya ce ruwan roba ya kusa ƙarewa amma ya samu katan biyu, ƙararrawar kuma akwai ta bisa ƙohwar kicin sai dai bai san ko tana aiki ba. Inna ta haƙura da gawayi bayan na karanta mata naki Anti, amma batun kira sau ɗaya a rana ta ce wanda yar rubuta shi bai haihu ba. Anti ya ake gwada ƙararrawar?

Maman Ilham:
Akwai ɗan maɓalli a jikinta, ya danna ya riƙe, in ta yi ƙara lafiya lau, in shiru ya canja batir. Kuma ya karanta rubutun jikinta, wata ta hayaƙin gobara ce kawai, ba ita nake nufi ba. Ka gaishe min da Inna.