Karen gadi ya gurgunce, an koma rigima kan "asali"

Mai Gona: Salamu alaikum. Jama'a, raina a ɓace yake. Na sayi kwikwiyo jinsin Jamus don gadin gonar kaji, mai shi ya rantse mini kare ne mai asali. Yau watansa 9, in zai tashi sai ya ja ƙugu, in yana gudu ƙafafun baya tare suke tsalle kamar na zomo. Likitan dabbobi ya ɗauki hoto, ya ce kan ƙashin cinya bai zauna daidai a mazauninsa ba, kuma gado ne. Da na bincika, ashe ubansa shi ya haifi uwarsa! Wallahi duk mai haɗa karnuka bai duba lafiyar iyaye ba, cuta yake sayarwa.

Sarkin Baka: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma kalmar "asali" ɗin nan ta tsaya mini a rai. Wato namu na farauta su ne marasa asali? Karyata na san uwarta, na san kakarta tun zamanin mahaifina. Karen da ya kasa gudu ba ma barinsa ya hau mace.

Mai Kiwo: Baba, da girmamawa, asali takarda ce. Tun 1899 Jamusawa suke rubuta zuriyar wannan kare a littafi. Naku wa ya rubuta?

Sarkin Baka: Yaro, takardar ce za ta kamo maka gada? Ga mai takarda can yana jan ƙugu.

Ɗan Tawa: In dai asali ne ku zo Nijar. Karen Azawak na Buzaye, har Faransa aka kai shi.

Mai Kiwo: Wannan siririn? Ɓarawo zai ji tsoronsa?

Ɗan Tawa: Ka taɓa tunkarar zangon Buzaye da dare? Ku dama komai namu sai kun raina.

Dakta: Don Allah mu dawo kan maganar Alhaji. Takardar zuriya daban, lafiya daban. A Jamus sai kare ya cika wata 12 ake ɗaukar hoton ƙugunsa, a Amurka shekara 2, kuma uwa da uba duka ake dubawa kafin a haɗa. Haɗa uba da 'ya yana fito da lahanin da ke ɓoye a jini. Iyaye masu lafiya ma sukan haifi mai matsalar, sai dai ba kasafai ba. Ƙiba da saurin girma suna tsananta ta. Alhaji, kada ka bari wannan ya haihu.

Mai Kiwo: Kun ji ko! Ƙiba. Alhaji ne ya ɗura masa hanjin kaji, yanzu ana zagin masu kiwo.

Mai Gona: Kai ka zo gonata ka gani? Ko kai ma uba da 'ya kake haɗawa?

Mai Kiwo: Alhaji ka janye wannan maganar.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da na fahimta, Dakta ya tabbatar takardar zuriya daban, lafiya daban, kuma maganar Baba Sarkin Baka ita ce gaskiya, namu na gida sun fi. Mai Kiwo, ka daina katse manya.