Sabis ba ya shiga karafan ɗinmu a daji, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna aikin haƙa rijiyoyin burtsatse a wani ƙauye can bayan Gashuwa, kuma a karafan, wato ɗakin ƙarfe na tafi-da-gidanka, muke kwana. A waje, in na hau kan tankar ruwa, nakan samu sabis sanda biyu har in yi kira. Da na shiga ciki na rufe ƙofa, shi ke nan, ɗif. Na gane jikin ƙarfen ne ke tare sabis ɗin.

Na sayi busta (na'urar ƙara ƙarfin sabis) a Kano mai aiki da batir 12V, na ɗaure eriyar waje a kan gora mai tsawon mita 6. Ta yi kwana biyu tana aiki, yanzu sai jar fitila take ƙyaftawa. Wani ya ce eriyar ciki da ta waje sun yi kusa, suna jin juna kamar lasifika da makirufo. Tazarar nawa ya kamata in bari? Kuma bustar 900MHz ce, shin za ta ɗauko 4G kuwa, ko kira kaɗai?

Maigida ma ya ce hukumar sadarwa ta NCC ta hana amfani da busta ba izini. To in sayi rauta (na'urar raba intanet) mai eriyar waje ne? Iyali na Zariya, kwana huɗu ban ji muryar yara ba.