Fadama ko dausayi? Mu tsayar da magana ɗaya

Salamu alaikum 'yan uwa masu aiki da Hausa, musamman masu fassara da malaman makaranta da 'yan jarida. Yau kwana uku da na jefa tambaya a nan kan yadda za mu fassara kalmar Turancin nan, wetland, wato wuraren da ruwa ke kwanciya ko malala a kai, tare da ciyawa da halittun da ke rayuwa a ciki. Amsoshi sun zo da yawa, har ban iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Bari in tattaro abin da aka faɗa, sannan in faɗi inda na tsaya da dalilina.

Abin da ya tayar da maganar shi ne ranar 2 ga Fabrairu. Duk shekara ana tunawa da waɗannan wurare a wannan rana, domin a irinta ce, cikin 1971, aka amince da yarjejeniyar kare su a garin Ramsar na ƙasar Iran. To duk shekara sai ka ga kowa da sunan da ya raɗa wa ranar. Wani ya rubuta Ranar Fadama, wani Ranar Ƙasa Mai Laima, har na taɓa ganin Ranar Jiƙaƙƙiyar Ƙasa ta Duniya. Wannan ta ƙarshen ita ta fi damuna. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ai ita ce wadda aka yi wa yayyafi, rana na fitowa ta bushe. Ba wanda zai ji wannan suna ya hango dubban agwagi sun tashi lokaci ɗaya har sun tare hasken rana.

Kafin a zaɓi kalma sai an san girman kayan da za a ɗora mata. A yarjejeniyar Ramsar, abin da ake nufi ya haɗa da ruwa mai gudu da kwantacce, mai daɗi da mai gishiri, na dindindin da mai zuwa ya tafi, wanda Allah ya yi da wanda mutum ya haƙa, har da gaɓar teku inda zurfin ruwa bai wuce mita 6 ba idan teku ya janye. Ƙasashe sama da 170 sun shiga yarjejeniyar, kuma wuraren da aka yi wa rajista sun haura 2,400. Kaya ne mai nauyi.

Tafki da gulbi da kududdufi, waɗanda wasu suka kawo, ba za su ɗauka ba. Kowanne sunan ruwan ne kawai, alhali mu muna neman sunan ruwan da ƙasar da ciyawar da abin da ke rayuwa a ciki gaba ɗaya. Wanda ya ce caɓi kuma, ɗan'uwa, caɓi abin da ake tattare riga a tsallake ne. Ba a kiran mutane su kare caɓi.

Fadama ce ta fi samun magoya baya, kuma ban ga laifinsu ba. Wani dattijo, malamin labarin ƙasa ne da ya yi ritaya, ya rubuto cewa shekara da shekaru da ita yake koyarwa kuma ba ɗalibin da ya taɓa ruɗewa. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, na yarda fadama kalma ce mai rai, yaro ma ya san ta. Amma ina da hanzari biyu.

Na farko, kunnen Bahaushen yau in ya ji fadama, lambu yake hangowa da injin ban ruwa da noman rani. Ka ce masa za a kare fadama, abin da zai fahimta shi ne za a kare gonaki. Ka ce masa an mayar da fadama gona, sai ya ce to da mece ce? Ke nan kalmar ba za ta iya faɗin asarar da muke son faɗa ba. Asarar kuwa babba ce. Rahoton da sakatariyar Ramsar ta fitar a 2018 ya nuna cewa tsakanin 1970 da 2015 duniya ta rasa kimanin kashi 35 cikin 100 na irin waɗannan wurare, kuma saurin ɓacewarsu ya ninka na dazuzzuka sau uku. Da yawa daga ciki noma ne ya cinye su.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, fadama tana da nata aikin da ba wadda za ta yi mata. Akwai shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke gefen kogi, wadda ruwa ke malalewa a kai idan kogi ya cika, ya bar mata laka mai taki sannan ya janye. Turawa suna da kalma dabam domin wannan. Fulanin arewacin Kamaru suna ce mata yayre. Mu kuma tun kaka da kakanni fadama muke cewa. In muka ja ta ta rufe har da bakin teku da tafkunan kan dutse, mun yi asarar kalma mai kaifi, sannan ba mu samu wadda muke nema ba.

Shi ya sa na tsaya kan dausayi. Wata 'yar'uwa mai aikin fassara ce ta fara ambata ta, na gode Malama. Dausayi a asali wuri ne mai ruwa da lema da ɗanyar ciyawa, inda dabba ke samun abin ci lokacin da ko'ina ya bushe, shi ya sa ake kiran wurin ruwa a tsakiyar hamada da ita. Ku lura, kalmar ba ta damu da siffar ruwan ba, ko yana gudu ko yana kwance. Abin da ta kama shi ne ni'imar da ruwan ya jawo da rayukan da suka taru a kai. Kuma kalma ce da ake ƙauna. Ba a zagi da dausayi. Jam'inta ni dai dausayoyi nake rubutawa. Sai mu ce kowace fadama dausayi ce, amma ba kowane dausayi ne fadama ba.

An ce mini bakin teku mai gishiri da laka ba ya kama da dausayi. Gaskiya ne, a nan kalmar za ta ɗan miƙe. Amma sai a ƙara mata bayani, a ce dausayin gaɓar teku, kamar yadda muka ce jirgin sama da jirgin ƙasa alhali asalin jirgi na ruwa ne. Ga tsuntsun da ya kwana goma yana tafiya a sama, wannan lakar dausayi ce ta gaske.

Akwai wata kalma da ba wanda ya tambaye ni a kanta, amma ita ce ta fi yi mana ɓarna: ambaliya. Duk inda aka ga ruwa ya fita daga kogi a rubutun Turanci sai mu rubuta ambaliya. Ambaliya kuwa masifa ce, rushewar gidaje ce da asarar rayuka. Ruwan da ke hawa fadama duk shekara a kan lokacinsa ba masifa ba ne, shi ne ran wurin. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga zuwansa ya sani. Ba ya zuwa da ƙara. Sai ka ga ya biyo tsagar busasshiyar laka a hankali, yana turo ɗan kumfa da karmami a gabansa, ƙwari na gudu suna hawa kan ciyawa. Kwana kaɗan ƙananan kifaye sun biyo shi cikin ciyawar suna kiwo. Idan ya fara janyewa sai ya bar ƙananan tafkuna cike da kifin da ya makara, zalɓe ya zo ya tsaya cik a gefe, balbelu su yi fari fat a bayansa. Wannan ba ambaliya ba ce. Hausa tana da sunanta: cikowa.

Bambancin ba na ado ba ne. A arewacin Kamaru, cikin 1979, an gina madatsar ruwa ta Maga tare da jinga a gefen kogin Logon domin noman shinkafa. Cikowar da ke shayar da fadamar da ta dangana da gandun dajin Waza ta ragu ƙwarai. Ciyawa mai ɗorewa ta mutu, kifi ya ragu, garken mariya ya zube, makiyaya da masunta suka shiga wahala. Sai a 1994 aka fasa jingar a wani wuri aka bar ruwa ya koma, kuma ciyawa da kifi da tsuntsaye suka fara dawowa. Yanzu ka gwada ba da labarin nan da kalmar ambaliya: an hana ambaliya sai jama'a suka wahala, aka dawo da ambaliya sai suka ji daɗi. Mai sauraro zai ɗauka ka ruɗe. Haka abin yake a fadamar Kafuwe ta Zambiya, inda madatsun da aka gina a shekarun 1970 suka sauya lokacin zuwan ruwa. Ko a gandun dajin Kaziranga na Indiya, inda mafi yawan karkanda mai ƙaho ɗaya na duniya suke, cikowar kogin Brahmaputra ce ke sabunta ciyawar da suke ci. Sai in ta wuce kima, dabbobi suka tsallaka titi suna neman tudu, sannan ta zama ambaliya.

Sai sunan da za a ba tsuntsayen da ke zuwa waɗannan wurare daga ƙasashe masu nisa. An kawo masu ƙaura, an kawo masu hijira. Wanda ya yi ƙaura ya tashi ke nan, wanda ya yi hijira kuma gudun wani abu yake, kuma kalmar tana da nauyin da bai kamata a ɗora wa agwagwa ba. Waɗannan tsuntsaye suna zuwa ne su koma, shekara bayan shekara, ta hanya ɗaya. Wani matashi ya ce a kira su 'yan ci-rani. Ƙanena, ka burge ni. Agwagin da ke hayayyafa a Turai da Rasha suna tsallako Sahara ne su sauka a dausayoyin Afirka bayan damina ta ɗauke, su ci rani, su koma gida kafin ruwa ya sauka. Da ƙyar a samu kalmar da ta zauna daram kamar wannan. Inda kawai take gazawa shi ne wajen shamuwa, wadda ke zuwa da damina ta tafi da rani, da kuma tsuntsayen wasu nahiyoyi da lokutansu ba irin namu ba ne. A rubutun ilimi sai a ce tsuntsaye masu kai-komo, a bar 'yan ci-rani ga masu tsallako hamada.

Da zarar an ce ci-rani, kalmar zango ta zo da kanta. Gandun Juj da ke bakin kogin Senegal, wanda aka kafa a 1971, yana cikin ruwan daɗi na farko da tsuntsu ke tararwa bayan ya gama da Sahara, ga kuma dubban kwasakwasa da ke hayayyafa a wurin. Zango ne. In zango ɗaya ya ƙafe, ayarin gaba ɗaya ne ke shiga uku, ko da sauran zangunan lafiya lau suke. Masu ƙidayar tsuntsaye a Holan sun daɗe da lura cewa yawan wani irin zalɓe da ke komawa ƙasarsu yana bin girman cikowar kogin Neja a Mali. Shekarar da ruwa ya yi kaɗan a can, sheƙa takan ragu a Turai. A 2022 kuma an bi sawun wani ɗan tsuntsun gaɓa mai dogon baki, ɗan wata biyar, da ya tashi daga Alaska ya sauka a Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11 ba tare da ya sauka ko sau ɗaya ba. Kitsen da ya yi wannan tafiya da shi, a lakar dausayi ya tsince shi.

Abu na ƙarshe, a gajarce. Na ga wasu suna fassara aikin kare waɗannan wurare da killacewa. Ina roƙon a bar wannan. A gandun Kewaladewo na Indiya an hana ɓaunayen ƙauyawa shiga kiwo a 1982, da niyyar kare tsuntsaye. Sai ciyawar da ɓaunayen ke cinyewa ta yi yawa ta shaƙe ruwan, tsuntsayen da ake son karewa suka rasa buɗaɗɗen wurin sauka. An killace, amma ba a yi tattali ba. Tattali shi ne a yi amfani da abu ta yadda gobe ma za a same shi, kuma kusan abin da yarjejeniyar Ramsar ta nema ke nan tun farko, domin ba ta ce a kori masunci da makiyayi ba.

Na gwada haɗa su duka a jimla ɗaya na karanta wa wata dattijuwa da ba ta jin Turanci ko kaɗan: tattalin dausayi ya dogara ga cikowar ruwa a fadama, domin nan ne zangon tsuntsaye 'yan ci-rani. Ba ta nemi ƙarin bayani kan ko kalma ɗaya ba. Tambayar da ta yi mini ita ce, wa ya tare ruwan?

Ni dai daga bana, ranar 2 ga Fabrairu, Ranar Dausayi ta Duniya zan rubuta. Malam mai goyon bayan fadama, ina jiran amsarka kan hanzarina na biyu.